Malam Lawali, Wanda Ya Koya wa Na'ura Rubuta Ƙ

Labarin rasuwar Malam Lawali ya iske ni a Bukkuyum ranar kasuwa, ina tsaye a rumfar masu hatsi muna gaisawa da mutane. Direban ƙaramar bas ɗin da ke jigila tsakanin Gummi da Bukkuyum, wanda ya saba kawo mini saƙonsa, shi ne ya ratso cikin jama'a ya kama hannuna. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri. Abokinka ya cika da asuba, tun da hantsi anka kai shi." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, sannan na nemi buhun gero na zauna a kai. Na san ciwon shawara ya kama shi tun ƙarshen damina. Amma zuwana na ƙarshe a zaune na same shi, da muryarsa, da tambayoyinsa. Ban taɓa kawo wa raina cewa sallamar da muka yi a bakin zaurensa ita ce ta ƙarshe ba.

A Anka muka san juna, a shekarun da gwamnati ta buɗe makarantu da yawa ana neman malamai ruwa a jallo. Aka tura shi ya koyar da lissafi, ni kuma Hausa, aka haɗa mu gida ɗaya mai ɗaki biyu. Ranar da na iso da akwatina, na tarar da wani dogon saurayi siriri a tsakar gida, ya buɗe bayan rediyo ya baje ƙusoshinta a kan faranti don kada su ɓace. A hannunsa akwai agogon da ban taɓa ganin irinsa ba, lambobi ne kawai ke sauyawa a fuskarsa. Bayan mun gaisa na kasa haƙuri na ce, "Malam, wannan agogo ina hannuwansa?" Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Bai buƙatar hannu, ba ya gaisawa da kowa." Daga wannan dariya abotarmu ta soma, kuma ba ta taɓa yankewa ba sai da mai yankewa ta zo.

Akwai wani durumi a ƙofar gidan. Kullum bayan la'asar nan muke shimfiɗa tabarma, kuma da wuya hirarmu ta wuce kayan zamani. Wane batir ne ya fi daɗewa a rakoda. Me ya sa rediyo ke kamo tashoshin nesa idan rana ta faɗi, amma da tsakar rana sai shuuu. Ko gaskiya ne akwai akwatin da ke ɗaukar hoton mutum yana motsi a ajiye a gida, a kalla a duk lokacin da aka so. Shi ne mai kawo labari, ni ne mai musu. Da ya sayo na'urar lissafi ta aljihu, na ce masa wannan abu shi zai kashe ƙwaƙwalwar yaranmu, nan gaba ko kuɗin ƙosai sai sun danna. Ya ce, "Garmar shanu ba ta kashe manomi ba, Malam Garba. Wanda bai san iyakar gonarsa ba, shi ne ko an ba shi garma zai nome ta maƙwabci." Ban yarda ba a ranar, kuma ya ji daɗin rashin yardar tawa. Ya sha gaya mini cewa hira da mai cewa "haka ne, haka ne" kamar tuwo ne ba miya.

Bai kasance mai son kaya don a ga yana da su ba. Riga biyu ko uku yake juyawa, kekensa kuwa ya fi wasu ɗalibanmu shekaru. Abin da ke ransa shi ne ya san yadda abu ke aiki. Yakan ce, "Duk abin da ɗan Adam ya ƙera, kada ka ji tsoronsa. Juya bayansa, za ka ga ƙusa." Kuma idan ya gane, ba ya iya riƙe ganewar shi kaɗai, sai ya nemi wanda zai gaya wa.

Bayan rasuwar mahaifinsa ya nemi a mai da shi Gummi, garinsu, domin Inna, mahaifiyarsa, ta rage ita kaɗai a gida. Ba a daɗe ba ni ma aka ɗauke ni zuwa Bukkuyum. Sai hirar ta koma ta ziyara: wani lokaci in shiga mota ranar Asabar in same shi, wani lokaci shi ya zo mini ranar kasuwa.

A wani zuwan nasa ne muna shan fura a gefen kasuwar shanu, wani dattijon makiyayi daga wajen Gwashi, ana ce masa Ardo Buba, ya hango agogon hannunsa ya matso. Shi ma irinsa ne a hannunsa, ɗansa ya kawo masa daga kurmi. Ya ce, "Malam, abin ga kullum da tsakar rana sai shi yi ta kuka. Ban san mi shika so ba." Malam Lawali ya ajiye ludayinsa, ya matsa masa wuri a kan benci. Ya bayyana masa cewa ƙararrawa ce, wani ya saita ta, kuma ana iya mai da ita lokacin da mutum ke so. Ardo ya zaɓi asuba. Da aka saita, sai ya ce, "To ai asubar rani da ta damina ba ɗaya ba. Wa za shi gaya mashi in ta sauya?" Na ga fuskar abokina ta washe, irin washewar da take yi idan ɗalibi ya yi tambaya mai kyau. Ya ce, "Kai za ka gaya mashi, Baffa. Shi bai taɓa ganin alfijir ba." Ya riƙe yatsan dattijon yana nuna masa inda zai danna, ya ɓata saitin da gangan ya ce ya gyara, ya sake ɓatawa, har sai da Ardo ya iya da kansa. Motar Gummi ta cika ta tashi ta bar shi, sai a gidana ya kwana. Da na yi masa ƙorafi ya ce, "In na gyara mashi ya tafi, na ba shi asuba ɗaya. Yanzu kuwa duk nashi na."

A Gummi ne babban al'amarin ya zo. Wani malamin kimiyya ɗan Indiya da suke aiki tare zai koma ƙasarsu, ya bar masa wata ƙaramar kwamfuta. Direban nan ne ya kawo mini saƙo da baki: Malam ya ce in zo ko da me nake yi. Na je ina tsammanin zan ga abu kamar firji, sai ya ɗauko mini wani baƙin akwati da bai fi babban littafi ba, da maɓallai a samansa kamar na tafireta. Ba ta da fuskar kanta, sai an jona ta da talabijin. Kuma da zarar an ɗauke wuta, duk abin da aka koya mata ta manta. Saboda haka idan mutum ya gama rubuta mata umarni, sai ya jona ta da rakoda ya naɗe aikin a kaset, irin kaset ɗin da muke jin wa'azi da waƙa. Idan ka saka kaset ɗin ka saurara da kunne, ba abin da za ka ji sai ƙara mai tsinin gaske, kamar gyare ya shiga gwangwani.

Malam Lawali ba shi da talabijin, unguwarsu kuma ba wuta. Amma akwai Alhaji Mamman, ɗan kasuwar shinkafa, abokin mahaifinsa, mai janareta da talabijin. Shi ya ba shi izini, duk Asabar daga azahar zuwa magariba a tayar masa da inji. A falon Alhaji na fara ganin abin da ake kira rubuta wa kwamfuta umarni. Ya buga layi biyu, ya danna wani maɓalli, sai ga sunana yana gangarowa a gilashin talabijin, Garba, Garba, Garba, ba iyaka. Na ce ya tsayar da ita haka nan, ai ta kira ni na amsa. Ya ce, "Ka ga halinta ke nan. Ban ce mata ta tsaya ba. Abin da ka faɗa takan yi, ba abin da kake nufi ba. Ba ta ƙarya, amma ba ta da kara."

Sai na ce ya ba ni in gwada. Da yatsa ɗaya na buga, "Baƙi sun shiga ɗaki." Na nemi ƙ a cikin maɓallan ban gani ba, na nemi ɗ babu. Abin da ya fito shi ne baki sun shiga daki. Na yi dariya na ce, "To ga gwanar taka. Baƙi sun koma baki. Ashe ita ma ƙanwar tafiretar ofis ce, sai mun bi ta da biro muna sa wa haruffa ƙugiya." Da wasa na faɗa, irin tsokanar da muka saba. Amma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce a hankali, "Ba laifinta ba na. Ba wanda ya taɓa gabatar mata da su."

Daga ranar ya ɗauki aikin. Ya bayyana mini cewa kowane harafi a wurinta ɗige-ɗige ne a cikin wani ɗan fili mai gida takwas a tsaye, takwas a kwance, kuma tana barin mutum ya zana nasa harafin idan ya mai da kowane layin ɗige ya zama lamba. Tsakiyar mako sai ya yi ta zane a takardar lissafi mai gida-gida, ranar Asabar ya gwada. Ni ya naɗa alƙali. Ya ce shi ya san lamba, ni na san harafi. Mun yi gardama mai yawa a kan waɗannan 'yan ƙugiyoyi. Ƙ ɗinsa na farko ya fito kamar k da aka taka wa kai. Ɗ kuwa ya fi ba mu wuya, domin sandarsa a gefen dama take, ƙugiyar ma dama take lanƙwasa, ga fili ya ƙare. Sai da ya matsar da harafin gaba ɗaya zuwa hagu, ya rage masa ciki. Na ce yanzu ya rame. Ya ce, "Gara ramamme da sunansa, da mai ƙiba da sunan wani." Bayan haruffan kuma akwai babban aiki, wato rubuta umarnin da zai sa mutum ya danna maɓalli su fito a tsakiyar rubutu, manya da ƙanana. Wannan ya ci masa watanni. Sau da yawa injin Alhaji kan yi tari ya mutu ana tsakiyar aiki, komai ya goge. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Sai ya jingina da bango ya ce, "Ta manta. Mu da muka tuna sai mu sake gaya mata."

Abin da ya fi nuna mini ko wane ne shi ya faru ne da rani, aikin ya kusa kammala. Inna tana da ƙane da ya tafi aikin hajji ta ƙasa tun tana amarya, ya zauna a Sudan bai dawo ba. Aka sami mai tafiya can, ta so ta aika masa gaisuwa da muryarta. Malam yana makaranta. Matarsa Saratu ta duba cikin kaset-kaset ɗinsa, ta saka ɗaya a rakoda ta ji ƙara kawai, ta ɗauka lalatacce ne, ta ba Inna suka naɗi saƙon a kansa, ta mai da shi cikin sauran kafin matafiyin ya zo karɓa. Ranar Asabar muka jona rakoda a falon Alhaji muna jiran ƙarar nan, sai muka ji, "Assalamu alaikum, Ummaru, ni ta, yayarka." Na dubi Malam Lawali. Ya kai hannu zai kashe, sai ya fasa. Muka zauna muka saurari tsohuwa tana lissafa wa ɗan'uwanta waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, tana gaya masa gulbi ya ci gonar babansu ta fadama, tana tambayarsa ko har yanzu yana son kifi busasshe. A wani wuri har ana jin kaji a tsakar gida a bayan muryarta. Da kaset ya ƙare ya cire shi, ya goge shi da bakin rigarsa. Na ce, "Malam, aikin watanni fa." Ya ce, "Wancan ina iya sake shi. Wannan in ta tafi wa zai sake?" Ya roƙe ni kada in bari Saratu ko Inna su sani. Washegari da kansa ya kai wa matafiyin. Ina faɗa yau ne domin iyalinsa su san irin mutumin da suka zauna da shi.

Ya sake aikin daga tushe, kuma ya ce na biyun ya fi na farko tsabta. Farkon damina ya aiko mini. Ranar an yi ruwa da safe, garin ya yi sanyi, manoma duk sun fita. Ya ce in ba shi jimlar da ta tara haruffan masu ƙugiya duka ukun. Na yi tunani na ce, "Raɓa ta sauka a ƙasa, ɗanyen ganye ya jiƙe." Ya buga a hankali. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, ɓ da ƙ da ɗ, kowanne da ƙugiyarsa, fari a kan baƙin gilashi. Na koyar da waɗannan haruffa shekaru da alli, amma ban taɓa ganin wata na'ura ta rubuta su ba. Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Shi kuwa hannuwansa ya haɗa a ƙirji yana murmushi, yana ta cewa alhamdu lillahi.

Alhaji Mamman ya sa tabarau ya matso ya duba. Ya ce, "Madalla, Lawali. Amma wanga boko na. Mu da munka yi karatu da ajami hwa, ba mu da rabo?" Wani da ya ji haka sai ransa ya ɓaci, a ranar da ya gama wahalarsa. Shi kuwa sai na ga idanunsa sun ƙara haske. A hanyarmu ta komawa, muna tsallake kududdufai, bai bar maganar ba. Ajami daga dama yake farawa, ita kuwa na'ura daga hagu ta saba. Haruffansa riƙe suke da hannun juna, kuma kowanne yana sauya kama gwargwadon inda ya tsaya a kalma. Ga wasulla sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan aikin shekara ne, ko fiye. Sai ka koma makarantar allo ka gyara hannunka, alƙali." Ya soma zanen. Bai kai ga gwadawa ba ciwo ya kwantar da shi.

Zuwana na ƙarshe ana cikin yankan shinkafa. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya jingina da filo, idanunsa sun yi rawaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na so mu yi maganar magani, ya kawar. Ya ce, "Bar wannan, likita na yi nashi. Mi ke sabo?" Na ce na ji a rediyo wai akwai wata na'ura da ake saka mata takarda a wani gari, rubutun ya bi wayar tarho ya fito a wani garin. Ya ɗago daga filon. Takardar ce ke tafiya ko hotonta? In hoto ne, to ba ruwanta da boko ko ajami ke nan, duk abin da hannu ya rubuta za ta kai? Tana ƙara irin ta kaset ɗinmu? Na ce wallahi ban sani ba, iyakar abin da na ji ke nan. Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo. Ya ce, "Kai dai ba ka iya ɗauko labari da jelarsa ba. Ka bincika mani. In ka dawo ka gaya mani."

Na bincika. Na sami wani ma'aikacin gidan waya da ya taɓa ganin na'urar a Kaduna, na zaunar da shi na yi masa duk tambayoyin. Hoto ne ke tafiya, ɗige-ɗige, kuma tana ƙara. Duk yadda ya zata haka ne. Na tanadi amsar ina jiran Asabar, har na shirya yadda zan ja masa rai kafin in faɗa. Tana bakina ranar da direban ya kama hannuna a kasuwa. Tana bakina har yanzu, domin ban san wanda zan gaya wa ya ji daɗinta kamar shi ba.

Da na je gaisuwa, bayan mutane sun ragu, Inna ta aiko a shigo da ni. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, Saratu na gefe da yaran. Na durƙusa na yi ta'aziyya, na kasa ƙarasawa. Ita ce ta ba ni haƙuri. Sannan ta ce, "Garba, ni ban taɓa gane abin da kuka faɗi a zauren ga ba, kai da shi. Waya, batir, ban san mi ba. Amma in na ji muryarku ta tashi kuna gardama, sai in san ɗana na gida, lahiya lau. Kada ka ɗauke ƙahwa. Ka riƙa zuwa kana zama da ɗiyan ga, ka yi ta yi masu irin surutun nan. Gidan ya yi shiru da yawa." Na ce in Allah ya yarda, Inna. Kuma zan je, ko da yake ni mai musu ne kawai, mai kawo labarin ya tafi.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa haƙurin da ya yi da ciwo ya zama kankarar zunubi, ilimin da ya raba bai ɓoye ba ya zama sadaka mai gudana. Ka ba Inna juriyar wannan rashi a tsufanta, ka sanyaya zuciyar Saratu, ka raya Ɗahiru da Nana da ƙaramarsu Hajo, ka shirye su, ka zama gatansu. Mu da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen, ka sada mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.